Agwagwar wanka: me ke ɓoye a cikinta, kuma yaya za a yi da ita?

Wata Asabar cikin watan Agusta, ana tsakiyar marka, ina tsugune a tsakar gida ina yi wa autana wanka a baho. Watansa goma sha huɗu, kuma ba ya yarda ruwa ya taɓa jikinsa sai da agwagwarsa a hannu, irin 'yar rawayar robar nan mai huda a ƙasa wadda ke kuka in an matsa ta. A kasuwar Sabon Gari na sayo ta, ita da 'ya'yanta uku cikin leda guda. Ya nutsa ta, ya ɗago, ya matse ta daidai fuskarsa yana ƙyalƙyala dariya. Ruwan da ta tsarto masa a kumatu ba garai yake ba. Wani baƙin ɓarɓashi ne a ciki, kamar ganyen shayin da ya kwana a gindin kofi.

Na fizge ta yana tsala ihu, na ɗauko reza na tsaga ta tun daga wuya har jela. Cikin nan baƙi ƙirin, da wani yauƙi mai kama da miyar kuɓewar jiya, ga wari irin na tsumman da aka dunƙule a jiƙe aka manta da shi a bayan ƙofa. Bayanta kuwa ƙal, sai sheƙi take. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, don babu ranar da ba na saɓa ta da sabulu. Ashe wata biyar ina aikin baban giwa.

Duk macen da ta taɓa wanke randa ta san wannan yauƙin. Ki bar randa mako guda kina ƙara ruwa a kan na jiya, ranar da kika zura hannu za ki ji bangonta da santsi, ko da ruwan ya yi kama da na sama don haske. Santsin nan ba dattin da ya faɗa daga waje ba ne. Ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani suka manne a bango, suka hayayyafa, suka fitar da wani abu mai danƙo suka lulluɓe kansu da shi. Masana suna kiransa bayofim. Amfaninsa gare su shi ne ya zame musu katanga: ɗauraya ba ta ɗaga shi, sabulun da ya gifta ta kai bai isa ya ratsa shi ba, har maganin kashe ƙwayoyin cuta sai ya daɗe yana ci kafin ya kai ga na can ƙasa. Shi ya sa randa sai an sa soso an dirje. Matsalar agwagwa ita ce randa ce wadda bakinta bai fi ƙwayar dawa ba. Ruwa na shiga, hannu ba ya shiga, iska ma da ƙyar.

Wasu sun riga ni tsaga agwagwa, sai dai su da na'urori suka yi. A shekarar 2018 masu bincike na Eawag, cibiyar nazarin ruwa ta ƙasar Siwizalan, tare da jami'ar ETH ta birnin Zurik da jami'ar Ilinoyi ta Amurka, suka fitar da sakamakon wani nazari a kan kayan wasan wanka. Sun karɓo guda 19 da yara suka yi amfani da su a gidaje, suka yanka, suka ƙirga abin da ke manne a ciki. A kowane murabba'in santimita, wato fili kamar faɗin farcen yatsa, na waɗannan da na wasu sababbi da suka gwada da kansu, sun tarar da ƙwayoyin halitta tsakanin miliyan 5 zuwa miliyan 75. Kusan kashi 60 cikin 100 na waɗanda aka karɓo daga gidaje suna da fumfuna. A kashi 80 cikin 100 na duk waɗanda suka duba kuma akwai irin ƙwayoyin da ke iya sa cuta, har da Legionella, wadda ke kama huhu in an shaƙe ta cikin feshin ruwa, da Pseudomonas aeruginosa, wadda asibitoci suka sani sarai don tana da taurin kai ga magani.

Ɓangaren binciken da ya fi amfanar da ni shi ne gwajin da suka yi da sababbi. Mako 11 suna zuba wa wasu ruwan famfo mai tsabta, wasu kuma ruwan da aka riga aka yi wanka da shi. Duk waɗanda suka sha ruwan wanka sai da suka yi fumfuna. Na ruwa mai tsabtar ma ba su tsira daga yauƙi ba. Dalili kuwa biyu ne. Na farko robar ce da kanta: irin mai taushin nan, yawanci PVC, ana cakuɗa ta da sinadaran da ke sa ta laushi, su kuma suna tsattsafowa a hankali cikin ruwan da ya kwanta, su zama abincin ƙwayoyin. Na biyu ruwan wankan: sabulu, gumi, dauɗar jiki, man shafawar jiya, da fitsarin da yaro ke saki da zarar ya ji ɗumin ruwa. Waɗannan su ke kawo sauran abin da ƙwayoyin ke buƙata, kamar yadda taki ke yi wa gona. Ga abinci, ga danshi, ga ɗumi, ga duhu. In da gangan aka so a yi kiwonsu, ba za a gina musu ɗakin da ya fi wannan ba.

Ki tuna fa, wannan a ƙasar da ake kurɓar ruwan famfo kai tsaye ba tare da fargaba ba ke nan. Mu a Zariya labarin ruwa daban ne. Daga cikin birni zuwa Tudun Wada, daga Sabon Gari zuwa Samaru, gidaje da yawa rijiya ce, ko burtsatse, ko kurar 'yan garuwa. Ruwan rijiya da na burtsatse babu kilorin a cikinsu, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake sa wa ruwan famfo, kuma wanda ya biyo ta jarka ya riga ya gogi bangon da shi ma ba hannun da ya taɓa shiga ya wanke. Da damina, in rijiya ba ta da murfin kirki ko tana maƙwabtaka da masai, ruwan da ke gangarowa yana iya kai mata abin da ba a so. Duk abin da ya shigo baho, rabonsa na shiga cikin agwagwa ya kwana, gobe ya haɗu da na gobe.

Yanayin gari ma yana da hannu. Da hunturu, in kika shanya zane da hantsi kafin azahar ya bushe ƙamas, kayan wasa masu buɗaɗɗen baki ma haka. Daga Yuli zuwa Satumba kuwa iska ta ƙoshi da ruwa, tawul na iya kwana biyu da danshi, takalmin fata ya yi fari-fari a ƙarƙashin gado. A wannan lokacin ne banɗaki marar taga ke zama gidan fumfuna. Amma kada hunturu ya yaudare ki: cikin agwagwa mai ƙaramar huda ba ya bushewa ko a watan Janairu, balle lokacin ne ake surka ruwa da ɗumi, wanda ƙwayoyin suka fi so.

Da na kai wa surukata tsagaggiyar agwagwar a kan murfin kwano, sai ta duba ta taɓe baki. Ta ce, "Ke 'yar nan, kun cika tsirfa. Uban yaron nan a kududdufi ya koyi iyo, ga shi nan garau." Na ce, "Haka ne, Inna." Ban yi musu ba, kuma ba don kunya kaɗai ba, akwai gaskiya a maganarta. Su kansu masu binciken ba su ce sun ga yaron da agwagwa ta kwantar ba. Abin da suka ce shi ne haɗuwa da irin waɗannan ƙwayoyi na iya ƙarfafa garkuwar jikin yaro, yana kuma iya jawo ciwon ido, ciwon kunne ko ɓacin ciki, musamman da yake fuska yara ke tsarta wa ruwan. Yaro mai lafiya yakan haɗu da su kullum a ƙasa da ƙura bai ko yi atishawa ba. Inda abin ke zama babba shi ne jaririn da bai yi ƙwari ba, da bakwaini, da mai tamowa, da mai sikila, da wanda ke da ƙuna ko ƙurji buɗe a fata, da wanda kunnensa ke ruwa. A gidan da ke da ɗaya daga cikin waɗannan, ni ban ga dalilin ajiye abin wasa mai tsotsar ruwa ba ko na kwana ɗaya.

Can kuma Inna ta ƙara wata maganar da ban yi tsammani ba. Ta ce su a zamaninsu ƙoƙo da ludayi ake miƙa wa yaro ya yi ta ɗiba yana zubarwa, da an gama a kife su a kan rufin akurki. Wato ba ta sani ba ta ba ni amsar da nake nema. Ƙoƙo ba shi da lungu, kuma kullum rana na ganin cikinsa.

Akwai wata magana da ta shafi wannan wadda nake so mu sake dubawa. In yaro ya kai wata shida ko bakwai ya fara zawo, nan da nan sai a ce haƙori ne. Likitocin yara sun daɗe suna cewa fitar haƙori ba ta sa gudawa. Abin da ke faruwa shi ne a daidai wannan lokacin dasashi ke ƙaiƙayi, yaro ya fara rarrafe, duk abin da hannunsa ya kai sai baki. Bakin agwagwa kuwa kamar don dasashi aka ƙera shi. Ban ce duk zawo daga baho yake ba, hanyoyinsa da yawa, amma in ana lissafa abubuwan da ke shiga bakin yaro a rana, a sa kayan wanka a ciki.

To yaya za a yi? Ni na raba kayan gida biyu: wanda yatsana ke iya taɓa kowane lungu nasa, da wanda ba ya iyawa.

Na farkon ba shi da wuya. Kofuna, ludayin roba, ƙaramin jirgin ruwa marar rufi, ƙwallo marar huda, murafen robobi. Bayan wanka a ɗauraye su da ruwa mai kyau, ba ruwan bahon ba, a yarfe, a zuba a kwandon roba mai huji-huji ko ragar da ake rataye wa, a fitar da su daga banɗaki zuwa inda iska ke kaɗawa. Sau ɗaya a mako a wanke da sabulu da ruwan ɗumi, a bi lungu da tsohon buroshin haƙori da aka ware don wannan. Kada a sa soson ƙarfe ko toka. Suna kankare roba su bar mata zane-zane, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A cikin waɗannan 'yan tsagogin yauƙi ke fara kafa gindi. Rana tana taimakawa, awa biyu ko uku sun isa. In aka mai da tsakar gida mazauninsu na dindindin, rana za ta cinye launin, robar ta yi gautsi ta fara ɓarewa. Da damina kuma a kife su, don ruwan da bai fi cikin murfin kwalba ba ya ishi wani nau'in sauro ya yi ƙwai, kuma cikin mako guda zuwa kwana goma ya tashi.

Sai batun bilic, wanda kowa ke kira Hypo ko Jik. Yawancin wanda ake sayarwa a shagunanmu ƙarfinsa kashi 3.5 cikin 100 ne, amma a duba jikin robar ko ledar a tabbatar. Don tsabtacewa ta yau da kullum, ƙaramin cokalin shayi ɗaya, wato mililita 5, a lita ɗaya ta ruwa ya wadatar. In babu ma'auni, ledar fiya wata biyu ita ce lita. In kuwa yaro ya yi kashi a baho, ko ana fama da gudawa a gidan, sai a ƙara ƙarfi zuwa cokalin cin abinci biyu, mililita 30, a lita ɗaya. A fara wanke kayan da sabulu a ɗauraye, don datti na cinye ƙarfin bilic kafin ya yi aikinsa. Sannan a nutsa su minti goma, a ɗauraye sosai har warin ya tafi, a shanya. Ruwan sanyi ake haɗawa da shi, ba na zafi ba, kuma haɗin yau na yau ne, in ya kwana ya sane.

A nan ne ake gudun gara a faɗa gidan zago. Na san mata da yawa da ke ganin in an haɗa magani biyu aikin zai fi kyau. Bilic ba ya son abokin tafiya. In ya haɗu da abu mai tsami, ko binega ne, wato ruwan tsamin kwalba da ake sa wa abinci, ko lemon tsami, ko ruwan wanke masai mai asid, iskar kilorin ce ke tashi, mai ƙona ido da maƙogwaro da huhu, kuma a ƙaramin banɗaki rufaffe tana iya kai mutum asibiti. Sannan bokitin da aka jiƙa kayan a ciki shi kansa haɗari ne. Yaro mai tatata in ya leƙa ya hango agwagwarsa, nauyin kansa na rinjayarsa, yana iya kifawa ciki ya kasa ɗagowa, kuma ruwa kaɗan ya isa. Minti goman nan a ɗora bokitin a inda ba ya kaiwa, da an gama a zubar. Kada kuma a juye bilic a gorar lemo a ajiye.

Dettol da Izal suna da wurarensu, amma ba a kan abin da yaro zai tsotsa ba. Binega kuwa, wadda ake ta yayatawa a intanet, tana da kyau wajen narkar da farin dasƙarin sabulu da na ruwan rijiya, tana rage wari, sai dai ba ta kai bilic kisa ba. Tafasawa tana aiki ga abin da aka yi da silikon, irin na kan fidar jarirai, ko roba mai tauri, irin wadda ake buga wa lamba 5 cikin alamar kusurwa uku a gindi. Mai taushi kuwa in ta ji tafasasshen ruwa sai ta lanƙwashe, fentin idon ya zube.

Yanzu gida na biyu, masu huda. Za ki ji ana cewa a tsotso ruwan bilic a ciki, a girgiza, a bari, a matse. Na gwada da ɗaya daga cikin 'ya'yan agwagwar. Sau shida ina cikawa ina matsewa baƙin ɓarɓashi na fita, a na bakwai ruwan ya fito fes, na ce alhamdulillahi. Don in tabbatar sai na sa mata reza ita ma. Tsakiyar cikin ya yi haske, amma can cikin kai da lungun jela baƙin na nan daram. Ga shi kuma ba ni da tabbacin na fitar da duk bilic ɗin daga abin da za a kai baki. Tun daga ranar na daina wahalar da kaina. Wadda ta riga ta fara aman baƙi, shara ce makomarta. Hanyar ganewa ba sai an yanka ba: a matse ta a kan farin faranti, a shinshina hudar, ko a haska fitilar waya ta bayanta cikin duhu, tabon zai nuna kamar inuwa. In za a yar, a yar a shara, kada a jefa a murhu ko a hura gawayi da ita kamar yadda ake yi da leda, don hayaƙin PVC guba ne.

Ga sabuwa dal wadda ruwa bai taɓa shiga ba, masu binciken nan sun ambaci toshe hudar, kuma ana yin hakan da gam mai narkewa irin na masu kwalliyar ɗinki. Yana aiki, amma agwagwa ta daina kuka da tsartuwa ke nan, wanda shi ne rabin daɗinta, kuma dole a riƙa duba toshin, don in ya ɓalle ɗan ƙaramin abu ne da zai iya maƙale wa yaro a wuya. Toshe wadda ta riga ta sha ruwa kuwa rufe ɓarawo ne a cikin ɗaki. Akwai waɗanda ake ƙerawa ba huda tun asali, akwai kuma masu buɗewa gida biyu a wanke a mayar. In an samu irinsu, sun cancanci 'yan kuɗin da aka ɗora.

Wajen saye, hanci na taimakawa. In kin buɗe leda wari mai ƙarfi irin na sabon labulen roba ya buge ki, ko kika ji jikin abin da maiƙo-maiƙo, ki mayar. Tarayyar Turai tun 1999 ta fara hana wasu daga cikin sinadaran laushin nan, waɗanda ake kira talet, a kayan da ƙananan yara ke sawa a baki, a 2005 ta mai da hanin doka tabbatacciya, Amurka ta bi sahu a 2008. Abin da ke zube a faranti a bakin titi ba suna ba lamba, ba wanda zai gaya miki da me aka yi shi. Na gwanjo kuwa, mai tauri marar huda in an wanke an jiƙa a bilic ba laifi. Mai huda ba ki san bahon wa ya kwana ba, ko shekara nawa. Masu batir da ke walƙiya a ruwa su ma ban yarda da su ba: ƙaramin batirin nan mai kama da maɓalli in yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona maƙoshi cikin awa biyu.

Abin da ya ci Doma kuma ba ya barin Awai. Bayan na gama da agwagwa sai idona ya buɗe a kan sauran kayan. Soson wankan yaron, wanda nake bari a cikin kwandon sabulu yana jiƙe daga safiya zuwa safiya. Gindin bahon, inda aka yi masa nani, da ɗan baƙin layi a jikin ɗinkin. Gorar ruwan da yayyensa suka huda wa murfi suna fesa wa juna. Da buta, wadda yara ke ɗauka su mai da abin wasa da zarar an juya baya, alhali kowa ya san inda take zuwa. Soso yanzu ina matse shi in rataya a igiyar shanya, in ya fara wari in canza. Baho ina jingine shi a bango, bakinsa ƙasa. Buta kuwa na saya wa yaran tasu ƙarama mai wani launi daban wadda ba ta shiga bayi, ita ma a kife take kwana ba murfi.

In ido ya yi ja yana kwantsa bayan ruwa irin wannan ya shiga, ko yaro na jan kunne yana kuka, ko ƙuraje masu ruwa sun feso a inda ruwan wanka ke taɓawa, asibiti za a nufa, ba a ɗiga nono ko a shafa kwalli ba. A lokacin da abin ya faru dai, wanke idon da ruwa mai tsabta ya isa, sai a sa ido kwana biyu. Nawa autan ba abin da ya same shi.

Kwana uku ya yi yana neman agwagwarsa, yana leƙa ƙarƙashin baho yana "gaga, gaga". A rana ta huɗu Inna ta aiko jikarta da wani ɗan ƙoƙo da ƙaramin ludayi na duma, ta ce a ba mai gidan nata. Na haɗa masa da matatar shayi ta roba da ba na amfani da ita. Yanzu rigimar da muke yi ta fitowa daga ruwan ce: ya ɗebo da ludayi, ya zuba a matata, ya tsaya yana kallon yadda yake zuba ta ƙasa, ya sake ɗebowa, har ruwan ya huce yatsunsa su yi yaushi.